Daga Sarkin Magina Zuwa Ɗan Kwangila: Tarihin Jagoranci da Ɗaukar Alhaki a Sana'ar Gini a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a fagen gini zai tarar sun kasu gida biyu, kowane gida da zamaninsa. A gida na farko akwai irin su tubali da azara da makuba da katsi da indararo, waɗanda ƙamusun Bargery ya taskace tun 1934. A gida na biyu kuwa akwai siminti da bulo da rodi da kankare da birkila da lebura da kwangila, waɗanda baƙi ne da suka shigo a ƙarni na 20. Masana harshe sun sha kawo kalmomin gida na biyu a matsayin misalan aro, suna bayyana irin kwaskwarimar da Hausa ta yi musu ta fuskar sauti da ginin gaɓa. Wannan aiki ne mai amfani, sai dai ba safai yakan taɓo wata tambaya da ke ƙarƙashinsa ba, wato wane irin sauyi ne ya auku a cikin sana'ar kanta har ta buƙaci waɗannan kalmomi? Me ya sa kuma wasu manyan muƙamai na sana'ar, kamar na mai tsara zanen gini da na mai ƙididdigar kuɗin aiki, ba su sami tsayayyen suna a bakin jama'a ba?

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda ake jagorancin aikin gini a ƙasar Hausa daga ƙarni na 19 zuwa yau, tare da ɗaukar kalmomin sana'ar a matsayin shaidu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a tsohon tsari zane da aiwatarwa da sa ido da horar da yara da amsa laifi duk a wuyan mutum ɗaya suke, wanda garinsu ya san shi ya kuma san gidansu. Sabon tsari ya rarraba waɗannan nauye-nauye ga mutane da yawa, ya kuma rubuta ƙa'idojinsa cikin harshen da akasarin masu aiki da hannu ba su ji.

2.0 Sarautar Magina

A manyan birane irin su Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, gini sana'a ce ta gado kamar ƙira da jima da rini da fawa. M. G. Smith, a nazarinsa na 1955 kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau, ya nuna yadda sana'o'i ke da shugabanninsu waɗanda fada ta sani. Kamar yadda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa, haka ake da Sarkin Magina, wanda a Kano aka fi kira Sarkin Gini. Shi ne tsani tsakanin fada da magina. Idan soron sarki ya tsage, ko masallacin Juma'a na son gyara, ko wata ƙofa ta gari ta zube, shi za a kira. Shi zai tara magina, ya raba musu aiki gwargwadon ƙwarewar kowa, ya kuma amsa tambaya a gaban sarki idan aikin ya ɓaci. Har ila yau, shi ke sasanta magini da mai gida kafin magana ta kai gaban alƙali.

Ta fuskar horarwa, yaro yakan fara da ɗiban ƙasa da ruwa da taka kwaɓi. Daga nan ya koyi curin tubali da cilla shi ga maigidansa da ke zaune a kan katanga, sannan a sake masa yaɓe, sannan a bar shi ya jera tubali a inda kuskure ba zai yi ɓarna ba. Rufin soro shi ne ƙarshen karatu. Ba kowane magini ake ce wa gwani ba, sai wanda ya iya ɗaura bakan gizo ya kuma tsaya. Abin lura a nan shi ne kalmar gwani ita ce dai ake ba wanda ya ƙware a haddar Alƙur'ani, wato Bahaushe ya ɗauki wannan mataki a matsayin na ilimi, wanda ake kaiwa bayan doguwar biyayya ga malami. Babu takardar shaida a wannan tsari. Damina ita ce ke jarraba aikin, kuma sakamakon kowa a gari yana ganinsa.

Bayan al'ada akwai kuma shari'a. Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne abin bi a daular Sakkwato, ya san babin lamunin masu sana'a, ya kuma kafa hukunce-hukuncen gini a kan ƙa'idar hana cutarwa. Tun a ƙarni na 14 wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami ya wallafa littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gine-gine. A nan gida kuma, Besim Hakim da Zubair Ahmed sun nazarci wani littafin jagora ga alƙalai da Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Khalid ya rubuta a wajajen 1836, suka nuna a 2006 cewa ya ƙunshi mas'alolin katangar da ke tsakanin maƙwabta da magudanar ruwa da ƙofa ko tagar da ke leƙa gidan wani da cin hanya. Ashe ke nan kuskure ne a ce dokar gini da Turawa ta zo.

2.1 Babban Gwani

Babu maginin da sunansa ya shahara a ƙasar Hausa kamar Muhammadu Durugu, wanda wasu ruwayoyi ke kira Malam Mika'ilu, aka kuma fi sani da laƙabin Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ana kuma jingina masa soron gidan Madakin Bauci da ke Kafin Madaki, wanda aka gina a 1860, aka kuma sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. A birnin Zariya akwai unguwa mai suna Babban Gwani, inda zuriyarsa suka zauna suka ci gaba da sana'ar.

Ruwayoyin baka sun lulluɓe wannan bawan Allah da labarai, kamar yadda Hamman Tukur Saad ya tattauna a kundin digirinsa na uku a 1981. Mafi shahara shi ne na cewa wani sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Mai nazarin adabi zai gane wannan jigo nan take, domin Larabawa suna da irinsa game da Sinimmar, wanda aka ce ya gina wa sarkin Hira fadar Khawarnaƙ aka saka masa da jefowa daga samanta. Yawon da jigon ya yi a duniya ya isa ya sa a yi hattara da shi a matsayin tarihi. Amma a matsayin madubin tunanin al'umma yana da faɗakarwa: jama'a sun ɗauka cewa ilimin ginin duk a cikin kan mutum ɗaya yake, idan aka kawar da shi an kawar da ilimin. Ƙarfin tsarin da rauninsa duk a nan suke.

2.2 Yadda Ake Tafiyar da Aiki

Magini ba ya zane a takarda. A kan filin yake shata ɗakuna da ƙafarsa, a gaban mai gida, yana awo da taki da kamu da gaba. Mai gida yana iya cewa a ƙara faɗin zaure ko a karkatar da ƙofar shigifa don kada na waje ya hango cikin gida, a kuma gyara nan take. Wanda ya shata shi ne zai hau katanga, don haka babu wata tazara tsakanin niyya da aiki da wani zai fake da ita.

Lokacin aiki kuwa yanayi ne ke tsara shi. Ana fara gini bayan kaka, lokacin da hannaye suka dawo daga gona, ruwa bai ƙafe a kududdufi ba, kuma akwai watanni na rani a gaba. Za a haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa da kashin dawaki, a tattaka, a bar ta ta kwana da kwanaki tana ruɓa kafin a cura tubali a shanya. Katanga ba a tayar da ita rana ɗaya. Ana jera 'yan layuka a bar su su sha iska, sannan a ɗora wasu, ana rage kauri yayin da ake yin sama. Maginin da ya yi gaggawa a nan, ko mai gidan da ya matsa masa lamba, damina za ta tona musu asiri. Da wannan ne gwani ke da ikon ce wa attajiri ko basarake ya dakata, kuma a dakata.

A wajen rufi ne lissafi ya fi yawa. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma idan aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta iya tsallaka fiye da kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwasa ba. Dukkan fasahar rufin soro dabara ce ta kewaye wannan iyaka. Ana fito da tauyi daga jikin bango don a rage tazara, ana gicciya azara a kusurwoyi, idan kuma ɗakin babba ne sai a tayar da bakan gizo, inda ake ɗaure azara a kan azara da igiya, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya, ana lulluɓe su da ƙasa mataki-mataki. J. C. Moughtin a littafinsa na 1985 ya nuna cewa da wannan dabara ana rufe ɗakin da faɗinsa ya kai kimanin mita 8. Idan bakuna suka gicciye juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Kalmomin kansu abin sha'awa ne ga mai nazarin ma'ana, domin daga sama da rijiya aka aro su: bakan da ke fitowa bayan ruwa, da sandunan da ake ɗaure bakin guga da su.

Haka nan kayan kare gini daga ruwa sun ɗaure magini da sauran masu sana'a. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da rawanin soro da shi, haɗi ne na katsi, wato abin da ake kwasowa daga gindin karofi a ƙona, da gashin da majema ke cirewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Saboda haka magini ba ya gama aikinsa sai da marini da majemi, kuma Sarkin Magina dole ya san lokacin da za a nemi kowane kaya da wurin wanda za a same shi. Wannan ya bayyana wani abu da ba a cika lura da shi ba: da marina suka yi ta rufewa a ƙarni na 20 saboda shigowar yadin kanti da shunin Turawa, ginin ƙasa ya rasa abin da ke kare shi daga ruwa tun kafin ya rasa masu son sa.

Dangane da biyan kuɗi, Hausa tana da kalmomi da suka bambance nau'o'in aiki. Akwai gayya, inda jama'a ke taruwa a yi wa mutum ko gari aiki a ci abinci a watse. Akwai ƙodago, aikin lada na yini. Akwai kuma jinga, inda ake yanke lada a kan aiki dungurungum kafin a fara. Jinga da wanda zai yi aikin da hannunsa ake ƙulla ta, kuma wannan shi ne abin da za a riƙe idan an zo maganar kwangila.

Mafi muhimmanci duka shi ne ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an duba rufi, an toshe tsaga, an share indararo, an sabunta yaɓe. Galibi gidan maginin da ya tayar da soro shi ke ci gaba da kula da shi, ɗa bayan uba. Magini ya san cewa kuskuren da ya binne a cikin bango shi ko ɗansa ne zai tono shi.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da aibu. Manyan gine-ginen sarauta da ganuwa da guminsu bayi da talakawan da aka tilasta wa aiki suka tashi. Gado ya toshe ƙofa ga mai basirar da ba ɗan gida ba, ɓoye sirrin sana'a kuma ya sa ilimi mai yawa ya bi masu shi kabari. Gidajen talakawa, waɗanda ba su da halin kiran gwani, sukan faɗa wa masu su a shekarar da ruwa ya yi yawa.

3.0 Zuwan Turawa da Rabuwar Zane da Aiki

A shekarar 1834, wato shekarar da Abdulkarimu ya hau gadon Zazzau, aka kafa ƙungiyar masu tsara gine-gine ta Birtaniya a Landan, wadda daga baya aka sani da RIBA. Injiniyoyi sun riga su da tasu tun 1818, masu awo da ƙididdiga suka biyo baya a 1868. Wato a daidai lokacin da Babban Gwani ke haɗa komai a hannunsa, Ingila tana rarraba sana'ar: wani ya yi zane, wani ya lissafa ƙarfin ginshiƙi, wani ya ƙididdige kaya da kuɗi, sannan a yi gasar farashi a ba wani dabam ya gina. Hikimar wannan tsari ita ce kowa ya zama mai sa ido a kan ɗan'uwansa, kuma komai ya kasance a rubuce. Shi ne tsarin da ya iso Arewa bayan cin Kano da Sakkwato a 1903.

Da farko Turawa ba su da zaɓi sai magina na gida, domin siminti da katako sai an yi dakonsu daga nesa. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, duk ginin ƙasa ne. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya fara sauya lissafi. Ya kawo siminti da kwanon rufi, ya kuma kawo ma'aikata daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas waɗanda suka zauna a Sabon Gari, suka cika Sashen Ayyuka na gwamnati da yadin En'e.

Kalmomin aro sun adana wannan tarihi. Akwai alamar cewa da yawansu ta bakin Yarbawa suka biyo kafin su iso Hausa. Birkila da kafinta sun yi daidai da bíríkìlà da káfíńtà. Kwano ya fi kusa da páànù, idan aka tuna cewa harafin p a Yarbanci sautin leɓe da hanɗa ne, wanda Hausa ke mayarwa kw, kamar yadda páálí ya zama kwali. Kwangila ma tana da 'yar'uwa a Yarbanci, kọngílá, sai dai a can sunan mutumin ne, a Hausa kuwa ta zama sunan aikin, aka ƙirƙiro ɗan kwangila don mai yin sa. Idan aka jera kalmomin za a ga abin da Bahaushe ya haɗu da shi a filin aiki: lebura, helma, birkila, kafinta, fenta, akawu mai rubuta sunaye, da safiyo mai kafa turaku. Wanda ya yi zanen yana ofis a Kaduna ko Ikko, ba a ganin sa, don haka harshe bai ba shi suna ba.

A 1945 Sashen Ayyuka ya buga wata takardar fasaha ta A. F. Daldy da ta yi bayanin dabarun ginin ƙasa na Arewa dalla-dalla. Aiki ne na mutumin da ya lura sosai, amma sunan takardar ya kira su gine-ginen wucin gadi. Masallacin Zariya ya haura shekara 100 a tsaye a lokacin. Wannan rabe-rabe na wucin gadi da mai ɗorewa ya shiga harshen ofis, daga nan ya shiga zukatan masu mulki da masu kuɗi. A farkon shekarun 1950 aka maye gurbin tsohon masallacin Juma'a na Kano da sabo na siminti. Sarkin Gini bai rasa rawaninsa ba, amma manyan ayyuka sun bar hannunsa.

4.0 Ƙungiyoyi, Dokoki da Kwangila

An fara koyar da tsara gine-gine a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Ibadan a 1952, aka mayar da sashen Zariya a 1955, ya zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Injiniyoyin Nijeriya sun kafa ƙungiyarsu a 1958, masu tsara gine-gine a 1960. Gwamnatocin soja ne suka ba sana'o'in hukumomin rajista: ARCON ta masu tsara gine-gine da doka ta 10 ta 1969, COREN ta injiniyoyi da doka ta 55 ta 1970, ta masu ƙididdiga da doka ta 31 ta 1986, CORBON ta ƙwararrun magina da doka ta 45 ta 1989. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa ya fito a 2006. A takarda, babu abin da ya rage.

Sai dai wanda ya fi kowa ƙarfi a sabon tsarin, wato ɗan kwangila, ba ya cikin waɗanda ake tambaya wa ya koya musu. Rajistar kamfani da sanin manya sun wadatar. Zamanin arzikin man fetur ya fito da wannan fili. A 1975 hukumomin gwamnati, musamman Ma'aikatar Tsaro, suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan 1 a shekara. Jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko na watanni ana biyan su kuɗin jira, siminti mai yawa ya daskare a cikinsu. Wanda ya taɓa ganin yadda ake lissafin katsi da azara kafin a haƙa tushe zai yi mamakin wannan.

A nan ne ma'anar kwangila ta rabu da ta jinga. Ba a jin an ce wani ya sayar da jinga, amma sayar da kwangila magana ce da kowa ya sani. Wanda ya samu ya cire rabonsa ya miƙa wa wani, shi ma ya cire ya miƙa, har ta iso ga birkilan da zai yi aikin da abin da ya saura, kuma hanyar da ta rage masa ita ce ya ƙara yashi ya rage siminti da rodi. Tsohuwar kalmar nan kafin alƙalami, wadda ake nufin ɗan abin da ake bayarwa don tabbatar da ciniki, ta koma sunan makudan kuɗin fara aiki da akan karɓa a gudu. Sai da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta zo ta ƙayyade shi, a lokacin, da kashi 15 cikin 100. A harshen yau da kullum, idan aka ce abu aikin kwangila ne, ba yabo ake yi ba.

Kalmar injiniya ita ma ta yi faɗi har ta rasa iyaka. Ana kiran mai digiri da ita, ana kiran helman da ya daɗe a filin aiki, ana kiran mai gyaran janareta. Doka ta keɓe laƙabin ga mai rajista, amma mai gidan da ke son ɗora bene a kan tsohon ginin da ba a yi masa tushen bene ba, ba shi da wata kalma da za ta bambance masa wanda zai iya lissafin nauyi da wanda ba zai iya ba. Gwani ba ta taɓa yin wannan sako-sako ba, domin gari ne ke ba da ita.

5.0 Wa Zai Amsa?

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Ikko ya rufta, ya kashe fiye da mutum 40, har da mai ginin. Daga baya ta bayyana cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takardar janyewa tun Fabrairun 2020, yana cewa ba zai iya ba da tabbacin ingancin aikin ba. Injiniyan ya yi abin da ƙa'idar sana'arsa ta tanada, ya rubuta, ya fita. Aiki kuwa ya ci gaba wata 20. A tsohon tsari, idan gwani ya sauko daga katanga ya kwashe yaransa, unguwa duka ta sani kafin la'asar. Ranar 12 ga Yuli 2024 kuma ginin wata makaranta a Jos ya faɗa wa ɗalibai, mutum 22 suka rasu.

Abin da ya faru a Zariya ya fi kusa da jigon wannan takarda. Z. R. Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin Babban Gwani ya zana shi, daga baya aka yi kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. A shekarun 1970 aka rushe wasu sassa na harabar masallacin, aka kewaye babban ɗakin salla da sabon gini na siminti da nufin kare shi da ƙara wa masallata wuri. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta, aƙalla mutum 7 suka rasu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsaga a jikin bango kwana ɗaya kafin nan, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba. Ginin da aka yi shi don a riƙa duba shi kowace shekara da idon wanda ya san ƙasa da azara ya wayi gari a tsakanin tsari biyu. Na farko ya raunana. Na biyu kuwa ƙarfe da kankare ya karanta.

Ba dole ne tarihi ya bi wannan hanya ba, kuma akwai shaida a ƙasar Hausa ta Nijar. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa, jama'a suka ɗora wa wani magininsu, Falke Barmu, aikin masallacin Juma'a a 1962. Gari ya kawo ƙasa da ruwa da itace da hannaye, shi ya ja ragama. Ya dawo ya sabunta rufin da bakuna da tulluwa a 1975, ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi daga baya, aka ba masallacin lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Fiye da shekara 20 mutum ɗaya yana komawa ga gini ɗaya, a gaban mutanen da ke salla a ƙarƙashinsa.

Ba za a gina bene mai hawa 21 da azara ba, kuma rabon aiki tsakanin ƙwararru ba abin da za a janye ba ne. Gurbin da ke akwai na harshe ne, kuma ya shafi masu nazarinsa kai tsaye. Ƙoƙarin samar da keɓaɓɓun kalmomi ya ba da littafin kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Kundin ƙa'idojin gini na 2006 da Ingilishi aka rubuta shi, haka takardun izini da zanen da ake miƙa wa helma, alhali a filayen gini da yawa, daga Kano har Abuja da Ikko, da Hausa leburori ke magana da juna. Hausa tana da lamuni da amana da alhaki da diyya, kowace da inuwar ma'anarta a shari'a da al'ada, waɗanda za a iya gina bayanin nauyin kowane ƙwararre a kansu. Tana da gwani, wadda ta fi injiniya tsauri. Sunayen sassan bakan gizo da matakan ɗaura shi kuwa, waɗanda ƙamusoshi suka kawo kaɗan daga cikinsu, suna bakin tsofaffin magina a unguwanni irin su Babban Gwani, kuma yawancin 'ya'yansu bulo suke jerawa.